Kundin aikin manhajar jan layi a allon lantarki

9 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Abin da nake son ginawa manhaja ce da za a miƙa mata allon lantarki bayan an gama jera kayansa, ita kuma ta ja layukan jan ƙarfe da ke haɗa ƙafar wannan da ƙafar wancan, ba tare da wani layi ya taɓa ɗan'uwansa ba. Allon ƙarshe da na ja da hannu ya cinye mini dare huɗu, kuma rabin lokacin ya tafi ne a kan layuka marasa wata daraja, irin waɗanda kowace hanya suka bi daidai ne. Su nake son in sauke wa kwamfuta.

Ga kalmomin da zan riƙa amfani da su, don kada in rikita kaina nan gaba. Wurin da ƙafar kaya ke zama a narka mata dalma, mazauni. Duk mazaunan da dole a haɗa su wuri guda, dangi. Allo mai jan ƙarfe sama da ƙasa, mai hawa biyu. Ɗan ramin da aka lulluɓe cikinsa da jan ƙarfe domin layi ya nutse daga hawa zuwa hawa, ramin ƙetare.

Allon gwajina mai hawa biyu ne, milimita 100 a 80. Akwai aisi (IC), wato ɗan kayan da ke ƙunshe da da'ira sukutum a cikinsa, mai ƙafa 48 a tsakiya, da kiristal ɗinsa mai ba shi bugun agogo, da mashigar USB, da ɗan sashen da ke sauke wuta daga bolt 12 zuwa 3.3, da na'urar auna nauyi wadda siginarta ƙarama ce ƙwarai. Dangi 96 gaba ɗaya. Ƙa'idojin da na ɗauka: faɗin layi milimita 0.15, tazara tsakanin layi da layi 0.15, ramin ƙetare mai huda 0.3 da zobe 0.6.

Ba zan gina wurin zane ba. KiCad, manhajar zana allon lantarki, na nan, kuma yana iya fitar da allo a fayil na DSN, tsarin da ya samo asali daga tsohuwar manhajar jan layi Specctra, sannan ya karɓi sakamako a fayil na SES. Ta wannan ƙofar Freerouting, wata manhajar jan layi da ake da ita, ke shiga da fita, ni ma ta nan zan bi.

21 ga Janairu

Karanta DSN ya kammala. Alamar baka ce, wato ( ), cikin baka cikin baka, amma da zarar an fahimci tsarinsa ba shi da wuya. Abu biyu suka ɓata mini kwana uku, kuma duka daga wajena ne. Na farko, a fuskar zane lambar tsaye tana ƙaruwa ne idan ana gangarowa, a fayil kuwa tana ƙaruwa idan ana hawa, ni kuma ban juya ta ba, sai layin gwajina ya faɗa can wajen allo. Na biyu, ban lura da layin da ke faɗin ma'aunin fayil ba, sai komai ya fito ƙarami sau goma.

Na yanke shawara guda da nake ganin ba zan yi nadamarta ba: babu lamba mai ɗigo a cikin lissafin wuri. Komai cikakkiyar lamba ce, a nanomita, kamar yadda KiCad ke yi a cikinsa. Da lamba mai bit 32 ana kai wa mita biyu da ɗoriya, wanda ya fi ƙarfin duk allon da zan taɓa. Amfanin shi ne idan na tambaya ko tazara ta kai 0.15, amsa ɗaya ce, eh ko a'a, ba 0.1499999 da zai sa gwaji ya wuce yau ya faɗi gobe ba.

4 ga Fabrairu

Layi na farko ya fita da kansa. Na bi dabarar da C. Y. Lee ya wallafa a 1961, wadda har yau ita ce mafarin duk mai koyon wannan fanni. Ana yanka allo ya zama raga mai ƙananan gidaje. A rubuta 1 a gidajen da ke maƙwabtaka da mafari, 2 a maƙwabtansu, 3 a na gaba, kamar an jefa dutse a tafki ana kallon da'irar ruwa tana faɗaɗa. Inda akwai cikas ruwan ya kewaye shi. Ranar da ya taɓa mazaunin da ake nema, sai a dawo da baya ana bin lambobi suna raguwa, hanya ta fito. Kyawunta shi ne alƙawarinta: muddin akwai hanya a ragar, za ta same ta, kuma mafi gajarta.

Kafin ruwa ya fara tafiya nakan kumbura kowane cikas da rabin faɗin layi haɗe da tazara, wato 0.225. Daga nan sai a ɗauki layin tamkar zare marar kauri, duk gidan da ya rage a buɗe halal ne a taka shi.

Amma tsadarta ta bayyana nan take. Gida na milimita 0.1 yana nufin gidaje 800,000 a kowane hawa, miliyan 1.6 a hawa biyu. Ruwan ba ya sanin inda za shi, yana bazuwa gabas da yamma daidai wa daida, har bayan inda aka fito. Layi ɗaya mai tsawo ya ɗauke ni kusan minti guda a Python.

18 ga Fabrairu

Na koma A*, dabarar Hart da Nilsson da Raphael ta 1968. Bambancin kaɗan ne a rubuce, babba ne a aiki: kowane gida ana auna shi da abin da aka riga aka kashe kafin a iso shi, haɗe da ƙiyasin abin da ya rage. Muddin ƙiyasin bai zarce gaskiya ba, hanyar da za a samu tana nan a matsayin mafi arha. Tunda na yarda layi ya tafi a karkace da digiri 45, takun karkace yana cin 1.414 na takun miƙe, kuma ƙiyasin ma da haka nake yinsa.

A nan ne na gane cewa gajarta kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Layukan farko sun fito kamar matakalar bene, lanƙwasa bayan lanƙwasa, domin a wurin lissafi tsawonsu ɗaya da miƙaƙƙe. Sai na sa wa kowace lanƙwasa farashi, digiri 45 mai sauƙi, digiri 90 mai nauyi, ramin ƙetare kuma ya fi su duka. To amma don a san an lanƙwasa, dole a tuna ta ina aka shigo gida. Kowane gida ya zama hali takwas ke nan, miliyan 12.8 a jimla. Ba na ajiye su duka, sai wanda bincike ya taka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a makon nan shi ne cewa duk halin wannan manhaja yana cikin waɗannan farashi ne. Ƙara wa rami farashi, layuka su yi ta kewaye-kewaye a sama. Rage shi, allo ya zama rariya. Babu lambar da littafi zai ba ka, ido ne da gwaji.

25 ga Fabrairu

Na mayar da zuciyar binciken zuwa C++. Abin da ke cin minti ya koma ƙasa da daƙiƙa. Karatun fayil da zane suna nan a Python.

10 ga Maris

Yau na ja allon gaba ɗaya karo na farko: dangi 71 cikin 96. Sauran 25 sun maƙale, kuma ba don babu wuri ba. Wanda ya riga shiga ya miƙe ƙafa a tsakiyar hanya, ya toshe wa na bayansa. Layi ɗaya da ya ratsa gefen aisi ya rufe wa ƙafafu bakwai mafita, alhali da ya ɗan kewaya milimita huɗu kowa ya wuce.

Na gwada jeri iri-iri. Gajeru da farko: 78. Dogaye da farko: 66. Waɗanda ke cikin cunkoso da farko: 80. Na gwada tsohuwar hanya ta cire a sake, wato idan layi ya maƙale a tumɓuke wanda ya tare shi, a ba shi hanya, sannan a sake ja wa wanda aka tumɓuke. Ya taimaka har zuwa 86, daga nan sai na ga layuka biyu suna ta korar juna, wannan ya cire wancan, wancan ya dawo ya cire wannan, sau ɗari biyu har na tsayar da shi. An gudu ba a tsira ba.

2 ga Afrilu

Mako uku ban rubuta komai ba saboda na rushe rabin abin da na gina. Na karanta aikin McMurchie da Ebeling na 1995, wanda suka kira PathFinder. Ba don allon lantarki suka yi shi ba, don cikin aisin FPGA ne, wanda ake iya sake haɗa wayoyin cikinsa da manhaja, amma ciwon iri ɗaya ne, maganin kuma ya burge ni har na kasa barci.

A zagayen farko ana barin kowa ya bi hanyar da ya ga dama, ko da layuka biyar sun hau gida ɗaya. Haramun ne a allo, amma a wannan mataki ba a hana ba. Daga nan sai a fara ciniki. Kowane gida yana da farashi kashi uku: na asali, da na cunkoson yanzu wanda ke ƙaruwa da yawan masu son gidan, da na tarihi wanda ke taruwa duk zagayen da aka yi rigima a kansa. Ana haɗa na asali da na tarihi, a ninka da na yanzu. Kowane zagaye a cire kowa a sake ja masa da sabon farashi. Layin da ke da wata mafita, da ya ga wuri ya yi tsada sai ya kauce da kansa. Wanda ba shi da ko'ina sai nan zai daure ya biya, a ƙarshe gidan ya zama nasa. Ba wanda ya zaɓi wa zai fara, buƙata ce ke yanke hukunci.

Farashin tarihi shi ne ya kashe waccan korar juna. Ko da gida ya zama fanko a wannan zagaye, yana ɗauke da tabon rigimar da aka yi a kansa, don haka ba a rugowa a sake cika shi.

Wahalar mayar da wannan kan allo ita ce a FPGA hanyoyin a ƙirge suke, waya ɗaya mai amfani ɗaya. A nan layi yana da kauri, yana cin gidan da ya taka da na gefensa. Sai da na sa kowane layi ya riƙa barin inuwa mai faɗin tazara, a ƙirga cunkoso a kan inuwar. Kuskure na kwana biyu: layi yana ganin inuwar kansa yana gudun ta.

Sakamako: 93 cikin 96, a zagaye 34, minti biyu da rabi.

Na gyara wani abu a hanya. Dangi mai mazauni fiye da biyu, da nakan raba mazaunansa biyu-biyu bisa itace mafi gajarta, wato haɗin mazauni da mazauni mafi ƙarancin tsawo a jimla, irin siraran zaren da manhajar zane ke nunawa kafin a ja layi. Yanzu idan an haɗa biyu na farko, duk jikin layin ya zama mafari, na uku yana iya mannewa ko'ina a kansa. Nemo mafi kyawun irin wannan reshe, wanda ake kira itacen Steiner, yana cikin matsalolin da ba a san hanyar warware su da sauri ba, amma wannan kusantar ta wadatar da ni. Hwang ya nuna a 1976 cewa idan tafiya miƙe da gicciye ce kawai, itace mafi gajarta ba ya wuce ninki ɗaya da rabi na Steiner. Ribar ba ta kai a yi mata asarar wata guda ba.

20 ga Afrilu

Ukun da suka rage laifin raga ne. Ga misalin da ya buɗe mini ido. Jerin fil mai tazarar milimita 2.54, zoben kowane 1.7, saura 0.84 a tsakani. Layi biyu da tazara uku suna buƙatar 0.75. Za su wuce, da rarar 0.09. Amma rarar ba ta kai gida ɗaya ba, kuma 2.54 ba ya rabuwa daidai da 0.1, don haka a jeri guda wani tsakanin ya faɗo daidai kan raga ya ɗauki biyu, wani ya kauce ya ɗauki ɗaya. Haka ma aisin: ƙafa 12 a kowane gefe, tazara 0.5, tsakiyarsa ta faɗa tsakanin ƙafa biyu, sai ƙafafun suka zauna a 0.25 da 0.75, babu wadda ta hau raga. Kowane layi yana fita da ɗan karkace a bakin mazauni.

Rage gida zuwa 0.05 zai ninka gidaje sau huɗu, kuma gobe wani kaya zai zo da nasa ma'aunin. Abin da na yi shi ne raga marar daidaito: bayan layukan raga na kullum, na ƙara wasu da ke ratsa tsakiyar kowane mazauni, da wasu da ke shafar gefen kowane cikas da aka kumbura. Inda babu kaya raga ta yi faɗi, inda aka matse ta yi laushi.

Na san akwai masu watsar da raga ɗungurungum, su yanka fili zuwa kusurwa uku-uku, su fara yanke shawarar ta wane gefen kowane mazauni layi zai bi, sannan su ja shi kamar roba ya miƙe. A ganina can ne gaskiyar take. Amma idan na tafi can yanzu, shekara za ta ƙare ban riƙe allo a hannu ba.

11 ga Mayu

96 cikin 96. Na mayar da SES cikin KiCad, na sa ya binciki ƙa'ida, bai sami ko kuskure ɗaya ba. Na zuba shimfiɗar GND, wato faffaɗan jan ƙarfen da ake kira ƙasa, inda wutar kowane kaya ke komawa, a hawan ƙasa ta cike duk inda layi bai bi ba, na fitar da fayilolin Gerber, waɗanda da su ake buga allo, da na huda, na tura masana'anta. Na daɗe ina kallon hoton allon a daren nan. Wata huɗu da suka wuce ba ni da ko layi ɗaya.

3 ga Yuni

Allunan sun iso, na haɗa biyu. Wuta ta kama, aisi ya tashi, USB ya gaisa da kwamfuta. Amma na'urar auna nauyi ba ta tsaya wuri ɗaya. Lambar tana rawa fiye da sau goma na yadda take yi a tsohon allon da na ja da hannu, alhali kaya iri ɗaya ne, zane iri ɗaya, kod iri ɗaya. Na canja kafasita, na canja aisin auna, na gwada allo na biyu. Duk ɗaya. Da na cire sashen sauke wuta na ba shi 3.3 daga batir, rawar ta kwanta.

Na kai wa wani dattijo da na koyi aiki a hannunsa, mutumin da ya fara wannan sana'a tun ana manna layi da tef a kan takarda mai haske. Bai nemi osiloskof, na'urar kallon siffar sigina, ba. Ya juya allon, ya ɗaga shi a hasken taga, ya yi shiru.

Ya ce, "Yaro, wa ya yanyanka maka ƙasan nan haka?"

Na ce, "Baba, manhajar ce. Amma duk layin ya haɗu, bincike bai kama komai ba."

Ya ce, "Tafiya ka ja. Ina dawowar?"

Ya ɗora farce a kan layin da ya fito daga sashen sauke wuta, ya bi shi a sama, sannan ya juya ya nuna mini abin da ke ƙarƙashinsa. Manhajata ta nutsar da layuka shida zuwa hawan ƙasa ta ja su kafaɗa da kafaɗa, milimita 40 ko fiye, sun tsaga shimfiɗar GND kamar kwazazzabo. Wutar da ta tafi ta sama dole ta dawo, wannan kowa ya sani tun aji ɗaya. Abin da na sani a ka amma ban sa a manhaja ba shi ne ta ina take dawowa. Wuta mai tafiya a hankali tana bazuwa ta bi inda turjiya ta fi ƙaranci. Mai saurin kunnawa da kashewa kuwa tana manne wa ƙarƙashin layin da ta fito ta kansa, domin nan ne da'irar ta fi ƙanƙanta. Idan ta iso bakin tsaga ba ta da gada, sai ta kewaya har ƙarshen tsagar ta dawo. Da'irar da ya kamata ta zama siririya ta buɗe ta zama faffaɗa, faffaɗar da'ira kuma eriya ce, tana watsawa tana kuma ɗauka. A allona kewayen ya bi daidai ta ƙarƙashin siginar auna nauyi.

Kuma ba yawan bugun agogo ne abin dubawa ba, kaifin tashi da faɗuwar siginar ne. Sashen da ke kunnawa sau dubu ɗari biyar a daƙiƙa yana iya yin gefen da ke tashi cikin 'yan nanodaƙiƙa, wannan gefen ne ke neman hanyar komawa.

Masana'anta ta yi abin da na aika mata daidai. Binciken ƙa'ida ma bai yi ƙarya ba, an tambaye shi ko jan ƙarfe ya haɗu kuma ko tazara ta cika, ya amsa. Ni ne na gaya wa manhaja cewa hawan ƙasa fili ne kyauta, ita kuma ta gaskata ni. Wata huɗu ina bin lamba 96 kamar ita ce ƙarshen zance.

16 ga Yuni

Na sake fasalin farashi daga tushe. Yanzu ana iya ayyana hawa a matsayin na shimfiɗa, kuma duk layin da ya sauka can baƙo ne. Milimita biyar na farko da sauƙi, don a tsallake layi ɗaya ko biyu a koma sama. Bayan haka farashin kowane taku yana hauhawa. Idan tsaga biyu sun kusanci juna har jan ƙarfen da ke tsakaninsu ya zama siriri, ana lissafa su tamkar tsaga ɗaya babba, domin haka wuta ke ganinsu.

Na kuma raba dangi aji-aji: masu hayaniya, masu jin hayaniya, da gama-gari. Masu hayaniya da masu ji ba su da izinin ƙetare tsaga sai da farashi mai tsanani, kuma ana nisanta su da juna fiye da tazarar ƙa'ida. Layukan wuta sun sami nasu faɗin. Bisa lissafin IPC-2221, kundin ƙa'idojin zana allo, jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 35 a hawan waje yana buƙatar kusan milimita 0.3 don ɗaukar amfiya ɗaya da ƙarin zafi na digiri 10, kusan 0.8 don amfiya biyu. Da can kowa 0.15 nake ba shi in gyara da hannu daga baya.

Da sababbin ƙa'idoji sakamako ya faɗo zuwa 89. Ban ji zafin faɗuwar ba, domin bakwai ɗin da suka maƙale gaskiya suka faɗa: a yadda na jera kaya, babu hanyar kirki da za su bi.

Nan ne wani abu ya fito wanda ban shirya masa ba. Farashin tarihi, wanda na ɗauka kayan cikin gida ne kawai, taswira ce ta inda aka fi rigima. Na zana shi da launi a kan allo, ja inda ya taru. Wuri ɗaya ya yi jawur, kusurwar aisi ta wajen jerin fil, inda layuka takwas ke fitowa daga gefen da bai kalli inda za su ba. Na juya aisin digiri 90, na matsar da kafasita biyu. Na sake gudu: 95, tsaga mafi tsawo milimita 6, ramukan ƙetare sun ragu daga 118 zuwa 61. Minti goma na aikin hannu sun yi abin da mako uku na gyaran lissafi ba su yi ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Wannan ya canja mini abin da nake ginawa. Manhajar da ke cika allo ko ta halin ƙaƙa tana ɓoye wa mai zane kuskurensa, ta binne shi a hawan ƙasa inda ba ya dubawa. Na fi son wadda za ta tsaya ta ce ga inda na kasa, ga dalili, ga kayan da ya tare hanya.

7 ga Yuli

Na ƙara kulle. Duk layin da mutum ya ja da hannu ya kulle, manhaja tana ɗaukarsa cikas, ba ta taɓa shi. Da'irar sashen sauke wuta, layukan kiristal, da kafasitocin da ke bakin ƙafar aisi, waɗannan ba na son ta yi musu dabara ko kaɗan. Gajeru ne, kaɗan ne, kuma su ne ke yanke hukuncin ko allo zai yi aiki.

Tagwayen layin USB na fara ja musu tare, a matsayin layi ɗaya mai faɗi wanda ake tsagawa biyu a ƙarshe. Na kusa ɓata mako a kan daidaita tsawonsu, sai na yi lissafi. Sigina a allon FR-4, kayan da aka saba yin allo da shi, tana tafiyar kusan santimita 15 a nanodaƙiƙa, bambancin milimita ɗaya bai kai pikodaƙiƙa 7 ba. A gudun megabit 12, kowane bit yana ɗaukar nanodaƙiƙa 83. Babu abin damuwa a wannan allo. Ranar da na taɓa mai megabit 480, a lokacin zan zauna da batun om 90 da USB ke buƙata tsakanin tagwayen da daidaita tsawo yadda ya kamata.

Na kuma rubuta nawa binciken tazara, wanda ba ya dogara da raga, yana auna ainihin siffofi. Don kada ya gwada kowane layi da kowane layi, na zuba su a itacen R, tsarin Guttman na 1984 mai jera siffofi bisa inda suke, yana tambayar maƙwabta kawai. Ya kama wuri biyu inda gyaran lanƙwasa na ƙarshe ya ci tazara da 'yan maikuromita.

28 ga Yuli

Alluna na biyu sun iso ranar 24. Dangi 95 na manhaja da kulle, na ƙarshe na ja shi da hannu cikin minti biyu. Rawar na'urar auna nauyi ta sauko daidai da ta tsohon allon hannu, wani lokaci ma ƙasa da ita kaɗan. Na kai wa Baba, ya sake ɗagawa a haske, ya nuna mini tsibiri ɗaya na jan ƙarfe kusa da mashigar USB wanda rami ɗaya tak ke riƙe da shi. Ya ce a ƙara masa biyu. Na rubuta shi cikin abin da manhaja za ta riƙa dubawa: duk yankin shimfiɗa a ƙirga ramukan da ke ɗinke shi da sauran, a yi gargaɗi idan sun yi kaɗan ga girmansa.

Matsalar da ke gabana yanzu ita ce allo ɗaya nake ta gwadawa, kuma ina tsoron na ɗinka farashin daidai jikinsa. Na tattara wasu alluna biyar daga tsofaffin ayyukana, biyu masu hawa huɗu. A na farko da na gwada daren jiya, mai aisin BGA, wanda ƙafafunsa ƙwallayen dalma ne jere a ƙarƙashinsa, a tazarar 0.8, ta tsaya a 58 cikin 100, taswira ta yi ja a ƙarƙashin aisin gaba ɗaya. Layukan ciki ba sa samun fita domin na waje sun riga sun cinye ƙofofi. Yana buƙatar mataki na daban kafin ciniki ya fara: kowace ƙwallo ta ciki a ba ta ɗan gajeren layi da raminta a tsakanin ƙwallaye huɗu, a fitar da su zobe bayan zobe, sannan a saki sauran. Na zana tsarin a takarda, gobe zan fara da zobe biyu na waje.